Muhammadu Alkashnawi, Bakatsinen da Ya Koyar da Hisabi a Masar

Idan kana zaune a Machina ko Nguru ko Gashuwa, ƙasar da kake takawa tsohuwar hanya ce. Tun kafin titin jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, fatake da almajirai da maniyyata aikin hajji suna ratsa wannan yanki daga Katsina da Kano, su nufi Birnin Gazargamu, babban birnin daular Barno, wanda kufansa yake gabas da Gashuwa, wajen Gaidam. A lokacin Galadiman Barno yana zaune a Nguru, yana tsaron iyakar yamma. Wasu matafiyan suna ɗauke da kanwa da tufafi da goro, wasu kuwa ba su da kaya sai gafaka cike da littattafai. Mutumin da za ka karanta tarihinsa yanzu irin masu gafakar nan ne. A ƙasar Katsina ya tashi, ɗaya daga cikin manyan malamansa mutumin Barno da Bagarmi ne, kuma a birnin Alkahira na Masar ya rasu a 1741.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu. Larabawa sun san shi da Alfulani Alkashnawi, wato Bafillace Bakatsine, domin Kashna suke kiran Katsina. Ana kuma jingina shi ga Ɗan Ranko, wani tsohon gari na ƙasar Katsina. Mafi yawan labarinsa ya iso mana ta hannun Abdurrahman Aljabarti, shahararren marubucin tarihin Masar. Shi Abdurrahman bai riski Alkashnawi ba, don an haife shi fiye da shekara goma bayan rasuwarsa. Amma a gidan mahaifinsa Bakatsinen ya cika, a nan kuma ya bar littattafansa. Saboda haka ya rubuta labarinsa cikin littafinsa Aja'ibul Asar, a jerin manyan malaman da suka rasu a Masar cikin wannan ƙarni.

Katsina da karatunsa

Katsina ta wancan zamani matattara ce ta ayarin hamada, gari ne kuma na karatu. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye har yau. Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani sun yi zamaninsu a ƙarni na 17, sun bar almajirai da rubuce-rubuce. Tun kafin su, wajen ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Almagili ya zo daga Arewacin Afirka ya zauna a Kano da Katsina. Akwai wani abu game da Almagili da ya kamata ka riƙe. Ya yi jayayya a rubuce da Imam Suyuɗi na Masar a kan manɗiƙi, wato ilmin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, wanda Musulmi suka samo daga Aristo na ƙasar Girka. Suyuɗi ya hana karanta shi, ganin cewa asalinsa daga waɗanda ba Musulmi ba ne. Almagili ya ce ma'auni ne na rarrabe ingantacciyar hujja da gurguwa, kuma ma'auni ba ya lalacewa saboda wanda ya ƙera shi. Malaman ƙasashen nan da yawa bayan Almagili suka bi, shi ya sa manɗiƙi ya sami wurin zama a zauruka.

Aljabarti ya ambaci malaman Alkashnawi guda huɗu: Muhammadu Alwali, da Muhammadu Bindu, da Shehu Hashimu, da Muhammadu Fudu. A hannun Fudu idonsa ya fara buɗewa. Ya lizimce shi wajen shekara huɗu, a gida da tafiya, yana karanta nahawu da sarfu da littattafan adabi. Ya haddace Maƙamatu, littafin nan mai wuyar kalmomi da ake gwada ƙwazon almajiri da shi, har malamin ya riƙa kiransa da sunan littafin. Da ya ƙware a nahawu sai ya sauya masa laƙabi, ya koma kiransa Sibawaihi. Kai da kake koyon Hausa bayan harshenka na gida, wannan laƙabi ya shafe ka. Sibawaihi, wanda ya rubuta littafin da nahawun Larabci ya dogara a kansa, mutumin Farisa ne, koyon Larabcin ya yi. Haka shi ma Alkashnawi, ba da Larabci aka yi masa reno ba, amma daga baya ya wallafa littafin nahawu mai suna Bulugul Arab.

A wurin Bindu ya ɗauki hisabi, da ilmin lokuta, da ilmin haruffa da hatimai, bisa tafarkin malaman Magrib. Ya kuma karanta manɗiƙi da balaga, da littattafan aƙida na Sanusi, ya saurari Buhari, ya karanta mafi yawan Muhtasar na Halil a fiƙihu. Yau a makaranta ana raba ɗalibai, wasu ɓangaren kimiyya, wasu ɓangaren adabi. A zamaninsa duk a gafaka ɗaya suke, kuma da dalili. Wanda bai iya lissafi ba ba zai raba gado ba, ba zai fitar da zakka daidai ba. Wanda bai san tafiyar rana da tsawon inuwa ba zai sha wuya wajen tsai da lokacin azahar da la'asar, ko gano alƙibla a tsakiyar daji. Bukatun addini su ne suka fara tura malami ya ɗaga kai ya dubi sama.

Hukunci uku

Malaminsa Muhammadu Alwali, mutumin Bagarmi a ƙasar Chadi ta yau, ya shahara da wani sharhi mai suna Almanhajul Farid. Sharhi ne a kan Ummul Barahin, ƙaramin littafin tauhidi na Imam Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. Alwali ya tattaro bayanin da malamai suke yi wa littafin da Fulatanci, ya mai da shi Larabci. Abin da ake fara koya wa almajiri a wannan karatu shi ne mabuɗin fahimtar rayuwar Alkashnawi, don haka sai mu ɗan tsaya a kansa.

Malaman suka ce duk maganar da mutum zai yanke, cewa abu kaza haka yake ko ba haka yake ba, tana cikin ɗayan gida uku. Akwai hukuncin shari'a, wanda ake saninsa ta hanyar wahayi, kamar wajabcin salla. Akwai hukuncin hankali, wanda ba ya bukatar gwaji ko maimaitawa: ɗaya rabin biyu ne, kuma abu ba ya kasancewa yana motsi yana kuma tsaye cik a lokaci guda. Ko an kulle ka a ɗaki ba ka taɓa ganin duniya ba, tunani kaɗai zai kai ka ga wannan. Sai na uku, hukuncin al'ada, wanda ake samunsa ta yawan gani: wuta tana ƙuna, wuƙa tana yanka, tuwo yana ƙosarwa.

A kan na ukun nan aka daɗe ana kai ruwa rana. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin auduga da wuta. Ya ce idan ka kusantar da su, abin da idonka ya gani shi ne sun haɗu, sannan audugar ta ƙone. Ka ga ƙuna a lokacin haɗuwa, amma ba ka ga wata igiya da ta tilasta ƙunar ba. A wurinsa Allah ne yake halittar ƙunar duk lokacin da suka haɗu, bisa al'adar da ya gudanar, kuma in ya so sai ya saɓa ta, kamar yadda wuta ta ƙi ƙona Annabi Ibrahim. Ibn Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mai da masa martani. Ya ce sanin abu shi ne sanin dalilinsa, wanda ya rushe dalilai ya rushe ilmi gaba ɗaya, har ilmin da ake kafa hujjar samuwar Mahalicci da shi. Sanusi ya bi Gazali, kuma ta littattafansa ne wannan ra'ayi ya cika zaurukan Katsina da Barno.

Kada ka ɗauka wannan ra'ayi yana hana bincike. Idan tsarin duniya al'ada ce da Allah ya gudanar, to wanda ya zauna yana lura da ita, yana ƙidaya, yana aunawa, aikin Ubangijinsa yake karantawa. Sai dai akwai wata tambaya da ta rage, kuma ita ce mai wuyar. Ta yaya za a gane cewa abu kaza al'ada ce ta gaskiya, ba zato ba? Kowa ya yarda wuta tana ƙuna. To, wanda ya ce ya jarraba ya ga tauraro kaza yana tare da sa'ar tafiya fa? Shi ma da yawan gani yake kafa hujja. Manyan littattafan Alkashnawi guda biyu a bakin wannan tambaya suke tsaye.

Tafiya gabas

Bayan ya ƙoshi da karatun gida sai ya ɗaura niyyar hajji. A lokacin tafiya ce ta shekaru, ana yada zango ana neman guzuri. Aljabarti ya ce ya ratsa masarautu da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu, ya ƙaru da su, su ma suka ƙaru da shi, har ya rubuta labarin tafiyar. Ya yi hajji a shekara ta 1142 bayan Hijira, wato 1730, ya zauna a Makka na wani lokaci, sannan ya wuce Alkahira. Mutanen ƙasashenmu ba baƙi ba ne a can. Tun ƙarni na 13 aka gina wa mutanen Kanem makaranta da masauki a birnin, kuma a masallacin Azhar akwai sashen da aka keɓe wa ɗaliban Barno.

Hatimi

Wataƙila ka taɓa ganin an kwance tsohuwar laya, ka ga takarda da zanen gidaje, kowane gida da lamba ko harafi a ciki. Wannan shi ne hatimi. Littafin Alkashnawi mai suna Bahjatul Afaƙ, wanda ya rubuta wajen 1732, a kan haruffa da irin waɗannan hatimai yake. Ga mafi ƙanƙantarsu, mai gida tara:

8  1  6
3  5  7
4  9  2

Tara kowane layi a kwance, za ka sami 15. Tara a tsaye, 15. Tara daga kusurwa zuwa kusurwa, 15. Me ya sa 15? Idan ka haɗa lambobi daga 1 zuwa 9 za ka sami 45. Layi uku ne za su raba wannan jimla daidai wa daida, don haka kowanne ya sami 15. Me ya sa kuma 5 take tsakiya? Layuka huɗu ne suke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. A cikin wannan ƙidaya an taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da aka taɓa sau huɗu, wato da rarar sau uku. Cire 45 daga 60, saura 15. Raba ta uku, ka sami 5. Babu wata lamba da za ta iya zama a gidan nan sai 5. Ka lura ba mu gwada kome ba, ba mu tambayi kowa ba. Ga hukuncin hankali a fili. Hatimin mai gida tara ma guda ɗaya ne tak a duniya, sai dai ana iya juya shi ko a kifa shi ya ba da fuska takwas.

Hatiman da yawan gidajen gefensu mara ne, wato wutiri, kamar 3 ko 5 ko 7, suna da hanyoyin cikawa masu sauƙi, kuma Alkashnawi ya bayyana hanyoyi da dama. Ga wata sananniyar hanya da za ka iya gwadawa. Sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Kowace lamba ta gaba, hau gida ɗaya sama, ka matsa gida ɗaya dama. In ka fita ta sama, dawo ta ƙasa. In ka fita ta dama, dawo ta hagu. In ka tarar da gidan a cike, sai ka sauka gidan da yake ƙarƙashin lambar da ka rubuta ta ƙarshe. Bi wannan da lambobi 1 zuwa 9, hatimin da ke sama zai fito. Zana mai gida 25 ka cika shi, kowane layi zai ba ka 65. Mai gida 49 kuma 175 zai bayar. In ka ɓata a karon farko kada ka yar da alƙalami. Shi kansa Alkashnawi ya gargaɗi mai karatunsa da kada ya karaya, ya kuma umarce shi da ya riƙe wannan ilmi a asirce.

Wannan umarni na biyu yana nuna maka cewa a wurinsa hatimi ya wuce wasan lissafi. A Larabci kowane harafi yana da lambarsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har zuwa dubu. Saboda haka ana iya mai da kalma lamba, a tara haruffan wani suna daga sunayen Allah, a gina hatimin da kowane layinsa zai ba da wannan jimla. Lambobin kusurwa huɗu na hatimin nan, 2 da 4 da 6 da 8, idan aka mai da su haruffa sai su ba da kalmar Buduhu, wadda ake gani a layu daga Masar har ƙasar Hausa. Masu wannan ilmi sun yi imani cewa daidaiton da ke cikin lambobi inuwa ce ta daidaiton da Allah ya gina halitta a kansa, kuma wanda ya riƙe ɗaya zai iya taɓa ɗayan. Gazali da kansa ya ambaci cewa mutane suna rubuta hatimin mai gida tara don sauƙaƙa wa mace naƙuda.

Yanzu ɗauko ma'aunin Sanusi ka ɗora maganar a kai. Cewa kowane layi 15 ne, hukuncin hankali ne, ba mai ja. Cewa takardar tana sauƙaƙa haihuwa, da'awa ce ta al'ada, sai an duba an ga ko haka ne. Cewa ya halatta a rubuta ta a rataya, tambaya ce ta shari'a, malamai kuma sun saɓa a kanta. Tambayoyi uku ne daban-daban a kan takarda ɗaya, kuma ingancin ta farko ba ya zama hujja ga ta biyu. Yawancin ruɗanin da ake yi a kan irin waɗannan malamai, daga masu yabonsu da masu zarginsu, daga cakuɗa tambayoyin nan yake tasowa.

Taurari

A Makka ya fara babban littafinsa, Addurrul Manzum, ya kammala shi a Alkahira cikin watan Rajab na 1146. Ya tsara shi da gabatarwa da sassa biyar da rufewa. Ya gina shi a kan Assirrul Maktum, littafin da ake jingina wa Fahruddini Arrazi, mai babban tafsirin nan, wanda ya rasu a 1210. Abin da ke ciki shi ne taurari da buruji da masaukan wata, da zaɓen lokacin da ya dace da kowane aiki, da ɗalasimai.

Da Hausa ilmin taurari suna ɗaya ne, amma abu biyu ne a ƙarƙashinsa. Na farko lissafin tafiyarsu: yaushe Kaza da 'Ya'yanta za ta fito, yaushe Gamzaki zai bayyana da asuba, yaushe wata zai tsaya. Na biyu shi ne yanke hukunci da su a kan rayuwar mutane: wannan zai yi arziki, wancan aurensa ba zai daɗe ba. Tsofaffin manoma a yankinku suna ƙidayar taurarin shekara 28, kowanne da kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimla 365. Da su suke sanin lokacin shuka da lokacin da ruwa yake nauyi. Ba wanda ya ce sun yi laifi. Amma hadisi ya zo cewa bayan wani ruwa da aka yi da dare a Hudaibiyya, Annabi (SAW) ya bambanta wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah da wanda ya jingina shi ga tauraro, ya kira na biyun kafirci. Malamai suka fahimta cewa tauraro yana iya zama alamar lokaci, amma ba shi ne mai saukar da ruwa ba. Haka kuma ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwar ne, sai ya gyara musu, ya nuna cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Gazali ya ja kunne ta ɗaya gefen. Ya ce akwai masoyin addini marar sani, wanda zai ƙaryata lissafin husufi da sunan kare addini. Wanda ya san lissafin tabbas ne ba zai yi shakkar lissafinsa ba, sai dai ya fara shakkar addinin, don haka irin wannan masoyi ya fi maƙiyi ɓarna. Ranar 29 ga Maris 2006 rana ta yi cikakken husufi a sassan arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, har da ƙasar Katsina. Masana sun faɗi ranar da sa'ar tun shekaru kafin ta zo, kuma haka aka gani. Ɓangaren farko na ilmin taurari ke nan, ya ci jarrabawa. Ɓangare na biyu bai taɓa cin irin wannan jarrabawa ba.

Alkashnawi ya riƙe ɓangarorin biyu. Ba daidai ba ne a ɓoye maka wannan don a ƙawata shi. Mutumin da ya karanta aƙidun Sanusi ya san babu mai tasiri sai Allah, kuma hanyar da irinsa suke bi su haɗa tauhidi da taurari ita ce su sa alaƙar tauraro da abin da ke faruwa a ƙasa cikin gidan al'ada, tamkar alaƙar wuta da ƙuna. Wasu malamai ba su karɓi wannan ba. Ibn Haldun, wanda ya rasu a Alkahira a 1406, ya soki duba da taurari da ilmin haruffa cikin Muƙaddimarsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754, shekara 13 bayan rasuwar Alkashnawi, ya yi kakkausan suka ga masu duba da masu da'awar sanin gaibu.

In za ka yi masa hukunci, duba abin da ake ciki a sauran duniya a lokacin. Kefla na Jamus, wanda ya gano ƙa'idojin zagayen duniyoyi, ya riƙa duba wa manya taurarinsu ana biyansa. Niyuton na Ingila, wanda ya rasu a 1727, shekara uku kafin hajjin Alkashnawi, ya shafe shekaru yana binciken alkimiyya, tsohon ilmin nan na neman mai da ƙarfe zinariya, ya kuma yi rubutu mai yawa a kan addini. Da aka matsa masa a kan dalilin da ya sa abubuwa suke jan juna, ya amsa cewa ya auna yadda jan yake aiki, amma bai gano sababinsa ba. Wani abin mamaki kuma, a 1739, Alkashnawi yana zaune a Alkahira, wani saurayi ɗan Sikotilan mai suna Hiyum ya buga littafin da ya ce ba ma ganin tilas tsakanin sababi da abin da ya haifar, sabo ne kawai yake sa mu jira na biyu idan mun ga na farko. Maganar ta yi kama da ta Gazali ƙwarai, ko da yake Hiyum bai kai ta inda Gazali ya kai ta ba.

Abin da kimiyya ta ƙara daga baya shi ne tsananta hanyar gane al'ada. Bai isa ka ce ka jarraba ya yi ba. Sai ka ƙidaya lokutan da bai yi ba, waɗanda zuciya take saurin mantawa. In mata goma sun riƙe hatimi sun sauka lafiya, sai an dubi wasu goma da ba su riƙe ba, a ga ko akwai bambanci. Sai kuma ka bayyana hanyarka a fili don wani ya maimaita ta ya kama kuskurenka, abin da ilmin da aka ce a riƙe shi a asirce ba ya ba da dama. Da wannan rariya aka tace gadon su Alkashnawi. Lissafin ya wuce, har masana tarihin lissafi suna nazarinsa yau. Akwai kwafen rubutunsa na hatimai a wani ɗakin karatu na Jami'ar Landan, kuma wata malama Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta gabatar da shi ga malaman makaranta cikin littafinta na 1973 a kan lissafi a Afirka. Tambayar Gazali da Ibn Rushdi kuwa, ko tsarin nan da muke aunawa dole ne ko zaɓin Mahalicci ne, rariyar ba ta kama ta, domin duk wani gwaji a cikin tsarin ake yinsa.

Ƙarshen rayuwarsa

A Alkahira ya fara zama a unguwar Darbul Atrak, kusa da Azhar. Bai bar manɗiƙi ba. Ya tsara ƙa'idojinsa a waƙe cikin Minahul Ƙuddus, sannan ya yi wa waƙar dogon sharhi mai suna Izalatul Ubus. A nan ya ƙulla abota da Shehu Hasan Aljabarti, malamin fiƙihu kuma gwanin falaki, wanda kakanninsa suka fito daga gabashin Afirka. Hasan ya zauna gabansa ya koyi ilmin hatimai da hanyoyin sarrafa haruffa da lambobi. Da ajali ya gabato, a gidan Hasan yake. Ya naɗa shi wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa, ya rasu a 1154 bayan Hijira. Hasan ya binne shi a maƙabartar da ake kira Bustanul Ulama, wato Lambun Malamai, ya gina alama a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.

Bayan 'yan shekaru aka turo wani gwamna daga Istambul mai suna Ahmad Basha, mai son ilmin lissafi. Ya tambayi shugabannin Azhar a kan hisabi da falaki, suka ce ba fanninsu ba ne. Ya nuna mamakinsa, ya tuna musu cewa sanin lokacin salla da alƙibla yana bukatar wannan ilmi. Shehun Azhar na lokacin, Abdullahi Asshubrawi, ya amsa cewa akwai masu shi a gidajensu, ya nuna masa Hasan Aljabarti. Gwamnan ya riƙa karatu a wurinsa, har ya koyi sassaƙa agogon inuwa a kan dutsen marmara. An kafa ɗaya daga cikin waɗanda ya sassaƙa a masallacin Azhar, don gane lokacin la'asar da faɗuwar rana.